Shekarar da Na Zama Eriyar Motar Babana

Ranar wata Asabar ce ta farkon kaka, shekarar da na shiga aji uku na firamare, ƙwayar gyaɗa guda ta samo mini aikin yi. Muna cikin motar Babana a tashar Gummi ana jiran lodi ya cika. Ni abincin safe kawai aka aike ni in kai masa in koma, amma na maƙale a gaban mota ina cin gyaɗar da mai shayi ya ba ni. Baba yana ta murɗa rediyon motar yana tsaki, rediyon kuwa ba abin da yake fitarwa sai shuuu, kamar an yayyafa ruwa a tafasasshen mai. Sai gyaɗata ɗaya ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin dashbod, allon nan na gaban mota da rediyo ke jikinsa. Ni kuma tun ina rarrafe ban taɓa yafe wa ƙasa abinci ba. Na sunkuya na cusa kai ina lalube, sai yatsana ya taɓa wani guntun waya da ke reto a bayan rediyon. Nan take wani mutum mai ƙatuwar murya ya yi sallama a cikin motar ya fara karanta labarai. Na firgita na janye hannu, mutumin ya ɓace. Baba ya dube ni, na dube shi. "Dije," ya ce a hankali, kamar mai gudun kada ya tashi jariri, "maida hannunki inda kinka taɓa." Na mayar. Mutumin ya dawo ya ci gaba da maganarsa kamar ba abin da ya faru. Ranar kwanon abinci bai koma gida ba sai bayan la'asar, kuma sai da ya je har Anka ya dawo, ni da shi.

Motar tamu a-kori-kura ce, tsohuwa tukuf. 'Yan tasha suna kiranta Goggo, saboda ba ta tashi sai ta yi mita ta yi tari, ta tuna wa kowa cewa a zamaninta ba haka ake yi wa manya ba. Shinkafa ta fi ɗauka, mutane a kan buhuna, daga Gummi zuwa kasuwannin Bukkuyum da Anka. To duk motar da ke kwana da shinkafa a bayanta, ɓeraye ne masu ita na gaskiya, Baba direbansu ne kawai. Su suka ci soson kujera, suka ci takardar da aka naɗe fitila da ita, da suka ƙoshi suka yi santi da wayar eriya. Eriyar kanta tana nan tsaye a gefen bonet, siririya mai ƙyalli, amma wayar da ke haɗa ta da rediyo sun raba ta biyu. Ba ƙaramar asara ba ce, don a tasharmu fasinja yakan leƙa gaban mota kafin ya hau. Motar da ke da rediyo ana jin labarai a cikinta, a ji sanarwa, a ji waƙa, a samu abin yin musu har a isa. Wadda ba ta da shi kuwa sai ka yi ta sauraron tarin injin da minsharin maƙwabcinka.

Tun daga ranar na kama aiki. Duk Asabar da Lahadi da duk hutun makaranta, ni ce eriyar Goggo. Matsalar ita ce guntun da ɓeraye suka rage mana bai fi ɗan yatsa ba, don haka ba a kan kujera nake zama ba. Baba ya shimfiɗa mini tsohon buhu a ƙasa, tsakanin giya da ƙafafun fasinjojin gaba, in naɗe kamar kyanwa, kaina a ƙarƙashin dashbod, hannun dama a sama riƙe da waya. Daga nan ba na ganin komai na duniya sai ƙafafu, amma fa na zama malamar ƙafafu. Takalmin roba mai ƙarnin nono, Bafulatani ne, kuma zai sauka a inda ba gida ba bukka. Takalmin but mai jan laka har ƙauri, ɗan haƙar zinari ne, Hausarsa ta wani gari ce kuma ba ya raba hannu da aljihu. Ƙafa mai lalle da kaushi kuwa Hajiya mai daddawa ce, wadda da barci ya ɗauke ta sai ta ɗora mini ƙafafu a baya kamar ni ce kujera 'yar tsugunno. Da yake hannuna na dama yana hidimar jama'a, jama'a ce ke ciyar da ni. Hannu kawai zan ga ya sauko daga sama da ƙosai, ko rake, ko kan kifi soyayye. Na lura in yatsana yana da laima murya ta fi fita tas, sai na sanar da mutanen mota cewa rediyon nan ya fi son in ci tsire. Wasu sun yarda. In na yi atishawa sai mu faɗa wata tasha ta Larabawa. In Goggo ta faɗa rami kaina ya daki ƙarfe, mai labarai yakan yi tsit kamar shi aka ƙwale. Sai in ji muryar Baba daga sama: "Riƙe da kyau, Dije, duniya duk tana hannunki."

Yayana Sanusi ya taɓa ƙoƙarin ƙwace mini aikin. Ba zan ɓoye ba, rediyon ya ɗan yi magana a hannunsa. Amma Sanusi dogo ne kamar gwangwala, wurin bai ɗauke shi ba. Yana ƙoƙarin naɗewa gwiwarsa ta ture giya, Goggo ta yi tsalle, saura ƙiris ta zauna a kan teburin mai shayi. Daga nan aka rufe maganarsa. Ni dai na gaya wa kowa cewa abin a jini yake, kuma ba kowane ɗan gida ke gado ba.

Kada ku ɗauka son labaran duniya ne ya riƙe ni a ƙarƙashin dashbod. Abin da nake gudu yana gida. A gidanmu Asabar ranar gumi ce: shara tun kaji ba su sauko ba, wanke-wanke, ɗebo ruwa, surfe, bakace, a ba awaki dusa, a goya ƙanen da ba ya son goyo. Duk wannan wasa ne a kan tsaron tsuntsu. Muna da gonar shinkafa a fadama, kuma da ta fara nuna sai jan-baki su sauko mata kamar hadari. Yaro zai hau rumfar kara tun rana ba ta fito ba, yana jan igiyar da aka jera wa gwangwanaye, yana jifa da majajjawa, yana ihu har muryarsa ta koma ta kwaɗo, sauro yana cin ƙafarsa rana tana cin ƙeyarsa. Sanusi ke wannan shi kaɗai, ni kuwa ina can ana sa mini ƙosai a baki. Inna ba ta taɓa son tsarin ba. Duk ranar da na dawo da ƙulu a goshi da baƙin mai a kallabi, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ɗiyar mutane an maishe ta ƙarhen mota." Baba ya yi kamar bai ji ba, ni kuma in yi kamar ƙarfen ne da gaske, ba ya ji ba ya gani.

Ranar Litinin kuwa ni ce rediyon ajinmu. Lokacin hutun tara, a gindin dogon yaro, 'yan mata sukan bar carafke su kewaye ni, har da maza masu yin kamar wucewa suke. Kasuwanni dai na gan su da idona, tunda ana sauke ni in miƙe ƙafa in mun isa. Hanyar da ke tsakani ce ban taɓa gani ba, sai na cike gurbin da abin da ya sawwaƙa. Na ce akwai dutse mai ƙofa wanda ba ya buɗewa sai Baba ya yi hon. Na ce akwai gadar da kadoji ke kwanciya a kai, sai karen mota ya sauka ya gaishe su kafin su matsa. Masu ladabi a cikinsu nakan bari su taɓa yatsana. Wata ta kafa kunnenta a nawa, ta rantse ta ji kiɗan kalangu.

Abin da ya rushe mini mulki ya faru ne a tsakiyar mako, ina aji ina fama da jadawalin sau. Wani tsohon fasinjan Baba, mutumin Anka, ya aika gaisuwa a shirin gaishe-gaishe na rediyo, aka kira sunan Baba ƙarara: Garba direban Gummi mai a-kori-kura. Duk garin an ji. Mai shayi ya ji, masu faci sun ji, matan da ke sussuka a bayan gari sun ji. Mutum ɗaya ne bai ji ba, shi ne Garba direban Gummi, wanda a lokacin yana kan hanya cikin mota shiru. Yana isowa tasha aka yi masa caa. "Ashe kai babban mutum ne muna raina ka!" in ji mai shayi. "Har Goggo an gaishe, kuma ita anka hwara kira kahin kai." Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar yadda aka faɗi abin, kowa ya ba shi irin nasa. Wani ya ce an kira shi sarkin direbobi, wani ya ce a'a, cewa aka yi ya rage gudu. Da ya dawo gida tuwon ma bai ci na kirki ba. Ina jin sa yana gaya wa Inna: "Mutum ya shekara yana jin ana gaida kowa da kowa, ranar da anka zo kaina, kunnena na makaranta."

Washegari da na dawo, na ga wani baƙin abu a naɗe rataye a ƙusar zaure. Na ɗauka maciji ne, kuma da na gane ko mene ne na gwammace macijin. Sabuwar wayar eriya ce, kauri kamar ƙaramin yatsana, da kai mai tsinke a gefe guda. Nan na san in wayar nan ta shiga mota, ni na fita, kuma daga mota ba inda za ni sai rumfar fadama. Na fara yaƙi. Na gaya wa Baba cewa na ji a makaranta wayoyin yanzu Turanci kawai suke kamawa. Na tuna masa cewa ɓeraye za su sake ci, ni kuwa ba ɓeran da ya taɓa cina. Na tare Hajiya mai daddawa a hanya na ce ta sa baki, ta yi dariya har ta zauna a kan dakali, ta ce ita abin ɗora ƙafa kawai za ta yi kewa. Inna kuwa waƙa take yi tana tankaɗe. Sanusi ya zauna a tsakar gida ya saƙa sabuwar majajjawa da zare mai launi, ya kawo mini da hannu biyu kamar mai kai gaisuwar suruki, ya ce, "Ranki shi daɗe, tsuntsaye na gaishe ki."

Asabar da hantsi Baba ya kai Goggo gindin wata tsamiya inda Lawali mai wayarin yake aiki. Na bi su, don ina so in ga abokiyar gabata ido da ido. Lawali ƙato ne, tafin hannunsa kamar faifai, ga surutu. Ya fara da cire kan batir, ya ce ba ya son Goggo ta cije shi. Ya kwance rediyon da sukudireba ya zaro shi waje, ya cire guntun wayata daga bayansa ya yar a ƙasa, ko kallo bai ishe shi ba. Na ɗauka na ƙulle a bakin zane. Sannan ya buɗe bonet ya kwance gindin eriyar, ya nuna wa Baba inda tsohuwar waya ta bi: daga gefen bonet ta kwanta a jikin ƙarfe, ta shige wani ƙaramin rami mai bakin roba a bangon da ya raba injin da wurin zama, ta ɓulla can bayan dashbod. Dabararsa ita ce ya ɗaure kan sabuwa da wutsiyar tsohuwa da baƙin tef, ya ja tsohuwar daga ciki, ita kuma ta jawo sabuwar a bayanta kamar akuya da igiya. "Wanga aiki ko kahin shayi shi huce na gama," in ji shi. Ya kwanta rigingine a ƙasan mota, ƙafafu a waje, ya kamo abin da ya rage na tsohuwar da filaya ya fara ja. Ta zo, ta zo, sai ɓas. Ashe ɓerayen ba wuri ɗaya suka yi liyafa ba. Tsohuwar ta tsinke a hannunsa, kan sabuwar kuma ya maƙale can cikin lungu bayan ramin, ba ta gaba ba ta baya.

Lawali ya tura hannu, yatsu uku suka shiga sauran suka ce ba da su ba. Ya lanƙwasa ƙarfen laima ya yi ta ƙwaƙula, ya fito da ɓawon shinkafa kawai. Baba ya gwada, ya fito da ƙujewa. Aka kira Sanusi, wanda ya biyo mu don ya ga ƙarshena. Hannunsa ya shiga har wuyan hannu, ya ƙi gaba, ya kuma ƙi fitowa, sai da aka shafa masa sabulu yana kiran Inna. Ni ina zaune a kan tsohuwar taya ina gwaguyar goruba, ina kallon sama. Can na ji ƙwaƙular ta tsaya. Na sauke ido, na ga maza uku suna kallon hannuna kamar yau suka fara ganin hannu.

"Dije, taho," in ji Baba.

"Ni mi na sani ga mota, Baba? Ni mai tsaron tsuntsu ce."

Lawali ya fashe da dariya har ya yi tari. "Alhaji, wagga ɗiya taka ta hi injin wuyar kwancewa."

"Taho dai, uwata."

Baba ba ya kirana uwata sai abu ya kai maƙura, don sunan mahaifiyarsa na ci. Na taso a hankali, na karkaɗe zane, na ce zan sa hannu amma sai an yi mini alkawarin wurina yana nan. Na ɗauka zai ce to, ya samu a wuce wurin, kamar yadda manya ke yi. Sai ya tsuguna har fuskarsa ta yi daidai da tawa. "Ba ni ruɗin ki," ya ce. "In wayar ga ta shiga, aikinki ya ƙare. Innarki ta riga ta raba maku gona ke da Sanusi, kuma kin girma, wurin ya hwara yi miki kaɗan. Amma ina da lodin shinkahwa zuwa Anka in an gama nan. Ba ni ɗaukar kowa gaba. Ke kaɗai, bisa kujera, bakin taga."

Na yi tunani irin na manya. In na ƙi, Lawali zai kwance dashbod gaba ɗaya, ya ci yini yana surutu, wayar dai ta shiga, ni kuma in tashi ba eriya ba taga. In na yarda kuwa, duk Gummi za a san cewa ba korata aka yi ba, ni na ajiye aiki da hannuna bayan maza uku sun kasa. Na miƙa wa Sanusi gorubata na ce ya riƙe kada ya lasa, na shige ƙarƙashin dashbod, wurin da na fi kowa sani a duniya.

Hannuna ya wuce sumul har gwiwar hannu. Abin da na fara taɓawa laushi gare shi da ɗumi, kuma yana motsi. Ban yi ihu ba. Na tattaro su a hankali na fito da su, na ce, "Lawali, tara hannunka, ga abin da ya toshe." Ya tara faifan nan nasa, na zuba masa jinjirayen ɓera, jajaye, ko ido ba su buɗe ba. Ƙaton nan ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin mai gemu ba, ya yi tsalle ya daki bonet da ka. Har masu faci suka taso kallo. Bayan su na fito da sheƙar gaba ɗaya: soson kujera, ɓawon gyaɗa, tuntun carbin Baba da ya ɓata tun bara, da wani yanki na kallabin da Inna ta daɗe tana zargin akuya. Na sake tura hannu, can ƙurya na ji sanyin tsinken nan a kan yatsana. Ba wanda ke ganin abin da hannuna ke yi a ciki, da na so sai in ce ban ji komai ba. Amma Baba yana durƙushe a ƙasa da fararen kayansa yana haska mini tocila, ba ya ma maganar wayar, abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Sannu-sannu, kar ƙarhe shi yanke ki." Na maƙale tsinken tsakanin yatsu biyu na jawo. Lawali yana turowa daga wajen injin, ni ina ja, har baƙar wayar ta zubo mini a cinya.

Na ce ba mai soka ta a rediyon sai ni, kuma ba wanda ya yi musu. Lawali ya nuna mini ramin a bayan rediyon, na danna har ta ce ƙyas. Ya ɗaure ɗaya kan a gindin eriya, ya bi jikin wayar yana kama ta da ƙarfe don kada ta yi reto, ya mayar da bakin robar, ya mayar da kan batir. Baba ya yi bisimilla ya murɗa. Wata mata ta fito tana waƙa, muryarta tas kamar tana zaune a kan bonet. Na ɗaga hannuwana biyu sama don kowa ya shaida, matar ba ta ko yi tuntuɓe ba. Na yi tari da gangan, ta ci gaba. Kowa yana murna, ni ma na yi, ina shafa guntun wayata da ke ƙulle a bakin zane.

Bayan azahar muka kama hanya. Na hau kujera, ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa, na ɗora haɓa a bakin taga. Hanyar nan na san ta sarai, amma da baya da ƙeya na san ta. Na san inda Goggo ke gurnani, ashe hawa ne, kuma daga samansa ana hango fadama shimfiɗe har ƙarshen ido, kore da ruwan ɗorawa, da yara a kan rumfuna ƙanana kamar ƙudaje. Na san inda taya ke canza murya ta yi gurum-gurum, ashe gada ce, ƙarƙashinta gulbi yana ƙyalli, masunta tsaye a jirage, mata suna wanki sun shanya zannuwa a kan yashi. Ba kada ko ɗaya. Na ga garken shanu farare suna tsallaka titi ba sa ko kallon mu, na ga kukoki masu ƙaton ciki, na ga inda warin kifi ke shigo mini kullum, ashe wata tsohuwa ce guda da kaskonta a mararraba. Wajen Bukkuyum na ga mutane da buhuna a kan babura, jikinsu duk jan ƙasa, na gane su tun daga takalma. Duwatsu suka fara fitowa ta gefen Anka, ba mai ƙofa a cikinsu, amma Baba ya yi hon a gindin mafi girma ba tare da na roƙe shi ba. Ashe labarin da nake bayarwa a makaranta ya daɗe da isa tasha. Rediyo yana ta magana shi kaɗai, ni kuwa ban ji ko kalma ɗaya ba. Hannuna na dama ya rasa abin yi, sai na fitar da shi ta taga ina ɗaga wa duk wanda muka wuce, har da jakuna.

Washegari da asuba Inna ta tashe ni, Sanusi yana tsaye a bakin ƙofa da majajjawa biyu da haƙora a waje. Na tafi fadama kaina a sama. Kuma tunda ba na yin abu rabi, kafin a yanke shinkafar na zama abin kwatance. Ihuna ɗaya yakan tashi tsuntsayen gonarmu da na maƙwabta, har wani dattijo ya zo ya roƙi Inna a rage mini ƙarfi don duk tsuntsayen da na kora gonarsa suke sauka. Daga kan rumfa nakan hango titi, kuma in Goggo ta wuce Baba yakan yi hon. Shi kuwa bai ƙara kashe rediyo ba ko a wurin shan mai, yana jiran a sake gaishe shi. Ban ji an sake ba.

Yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare, na yi tsawon da ko ƙafata ɗaya ba za ta shiga ƙarƙashin dashbod ba. Goggo tana bayan gida a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a inda Hajiya ke zama. Baba ya koma gona, don hanyar Anka ta zama wadda ba a shigarta sai an tambayi waɗanda suka fito, kuma ba uban da zai ɗauki 'yarsa a kanta don ta sha iska kawai. Motocin da ke bi ma shiru suke tafiya, kowa da wayarsa da abin toshe kunnensa, ba mai musu da wani a kan labarin da suka ji tare. Ƙannena da aka haifa bayan nan ba su san gadar ba, ba su san tsohuwa mai kifi ba, sai su zauna kusa da ni a kan tabarma su ce in ba su labarin tafiyar ranar. Sun san halina, suna ta jira in sa kadoji. Ni kuwa ina faɗa masu shanu da gulbi da zannuwa a kan yashi, yadda na gan su. Shi kaɗai ne labarina da ba na ƙara wa gishiri.